Kalmomin Turanci kan ƙuda da yadda yake cin abinci: ta ina za a fara?

Ɗalibar aji shida: Assalamu alaikum malamai da 'yan zaure. Muna shirin WAEC, darasin ƙuda kuma ya tsaya mini a wuya. Idan aka yi bayani da Hausa ina ganewa, amma kalmomin Turancin ba sa zama a kaina, musamman na baki da cin abinci. Don Allah wace hanya zan bi?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki haddace su a jere yadda suke a bayan littafi. Ki bi ƙudan daga saukarsa a kan abinci har tashinsa, ki riƙe aikatau shida bi da bi: land on, taste, extend, dissolve, suck up, regurgitate. Wato ya sauka, ya ɗanɗana, ya miƙo baki, ya narkar, ya tsotse, ya dawo da wani abu daga ciki. Kowanne ki gina masa gajeriyar jimla, misali "The fly lands on the food". Idan aikatau sun zauna, sunayen sassan jiki za su samu inda za su maƙale. Ki lura, ana cewa "feeds on liquids", ba "feeds with" ba. Wannan ƙaramar kalmar tana cinye wa ɗalibai maki.

Malamar Bayoloji: Na yarda da Malam, amma sai an haɗa da zane, domin mai duba takarda sunan sashe yake nema a bakin layi. Ƙudan gida ba shi da abin tauna, ba ya cizo, ruwa-ruwa kawai yake iya sha. Bakin gaba ɗaya sunansa proboscis, yana naɗe a ƙarƙashin kai, sai zai ci yake miƙo shi. A ƙarshensa akwai leɓɓa biyu masu taushi, ɗaya labellum, biyun labella. A jikinsu akwai 'yan siraran kwaroro da ake kira pseudotracheae, su ke jan ruwa zuwa hanyar abinci. Saboda haka ake kiran irin wannan bakin sponging mouthparts, wato baki mai aikin soso.

Idan abincin busasshe ne, kamar ƙwayar sukari, sai ya zuba masa saliva, wato miyau, ya narke, sannan ya tsotse. Wani kaso yana tafiya wata jakar ajiya a cikinsa mai suna crop. A nan ɗalibai ke faɗawa rami, don sun san crop da ma'anar amfanin gona. Daga wannan jakar yake dawo da abinci ya ɗiga a kan na gaba.

Ɗalibar aji shida: Malama, to mene ne bambancin regurgitate da vomit? Wani littafin yana cewa wannan, wani yana cewa wancan.

Malamar Bayoloji: Vomit amai ne, kalmar kowa da kowa. Regurgitate ya fi kusa da tumbiɗin jariri: abin bai gama narkewa ba, ya dawo ba tare da wata rashin lafiya ba. A jarrabawa ki rubuta regurgitate. Sannan ki ƙara tarsi, gaɓoɓin ƙarshen ƙafa, ɗaya tarsus. A nan taste receptors suke, shi ya sa ƙuda ke yawo a kan abinci kafin ya miƙo baki, da ƙafa yake ɗanɗano. Gogar ƙafafun da kike gani yana yi kuwa share su yake.

Malamin Turanci: Bari in tsaya a kan furuci, don a nan matsalarmu ta Hausawa take. P da f suna cakuɗe mana, haka v da b. Ki haɗe leɓɓanki ruf a farkon pupa da proboscis, ki ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa a farkon fly, feed da vomit. A proboscis galibi ba a furta harafin c ɗin daban, ƙarshen "sis" ne, ƙarfin murya kuma yana gaɓa ta biyu. Shafin Oxford Learner's Dictionaries da na Cambridge Dictionary suna da maɓallin sauti kyauta. Ki saurara sau uku, ki naɗi muryarki a waya, ki kwatanta.

A rubutu kuma: larva, wato tsutsa, tana da r, in kika cire ta kin rubuta lava, narkakken dutsen aman wuta. Jam'i larvae da pupae ne, fly kuma flies. Maggot, tsutsar ƙuda, g biyu ce. Ƙuda "lays eggs", a shuɗaɗɗen lokaci laid, ba lied ba.

Duba-gari: Malamai kun yi ƙoƙari. Ni zan ƙara ɓangaren da ke biyo bayan ci, don tambayar jarrabawa ba ta ƙarewa a baki. Ki riƙe contaminate, gurɓatawa, da pathogen, ƙwayar cuta, da faeces, najasa, wanda Amurkawa ke rubutawa feces. Ƙuda yana gurɓata abinci ta hanya uku: gashin ƙafa da jiki, abin da ya dawo da shi daga ciki, da kashinsa. Ɗigo-ɗigon baƙi da ake gani a bango da igiyar shanya su ne fly specks.

Kalmar da ta fi kawo maki ita ce mechanical vector. Ma'ana, ɗaukowa kawai yake ya ajiye, ƙwayar cutar ba ta buƙatar girma a jikinsa yadda ta maleriya ke yi a cikin sauro. Cututtukan da za ki lissafa: cholera, typhoid, dysentery, wato kwalara, taifot da atuni. Kada ki sa maleriya ko ciwon barci. Na biyun aikin tsando ne, tsetse fly, shi bakinsa na huda ne, piercing and sucking.

Malamar Bayoloji: Madalla da Baba duba-gari. Akwai kuma stable fly, mai kama da ƙudan gida sosai, wanda ke cizon dabbobi da mutane a ƙafa. Duk wanda ya ce ƙuda ya cije shi a turke, galibi shi ne. Ga lambobin da za ki rataya wa kalmomin: tsawon ƙudan gida milimita 6 zuwa 7, da layi huɗu baƙaƙe a kan thorax, wato tsakiyar jiki inda ƙafafu da fukafukai suke. Mace tana saka ƙwai 75 zuwa 150 a zubi ɗaya, suna ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya, kuma a lokacin zafi daga egg zuwa larva, pupa, adult bai wuce kwana 7 zuwa 10 ba. Sunan kimiyya Musca domestica, wanda masanin kimiyya Linnaeus ya sa masa a 1758. M babba, d ƙarama, a ja layi a ƙarƙashin kowace kalma daban.

Malamin firamare: Ga abin da za ki iya yi a gida. Ki samu farar tasa, ki ɗiga ruwan sukari a gefe ɗaya, cokalin shayi ɗaya a cikin cokali huɗu na ruwa, a ɗaya gefen ki zuba busasshen sukari kaɗan. Ki ajiye a tsakar gida da hantsi, nesa da madafi. Ki ɗauki bidiyo da waya, ki dawo da shi a hankali kina faɗin kalmar kowane mataki da baki. Kada inuwarki ta faɗa kan tasar, tashi zai yi, compound eyes ɗinsa suna saurin ganin motsi. In kin gama ki zubar, ki wanke tasar da hannunki da sabulu.

Malamin Turanci: Katin bita ma yana aiki: kalma a gaba, zane da jimla ɗaya a baya. Takwas a rana sun isa. Ki maimaita washegari, bayan kwana uku, sannan bayan mako. Wanda kika kasa tunawa ki mayar da shi farkon layi.

Ɗalibar aji shida: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, halteres fa, suna cikin sassan baki ne?

Malamar Bayoloji: A'a, na tashi ne. Wasu 'yan ƙananan sanduna ne masu kai a bayan fukafukai, su ke daidaita shi a iska. Fukafukansa biyu ne kacal, shi ya sa ake kiran rukuninsu Diptera. Ki sa su a katin thorax, ba na kai ba.