Neman shawara: na karɓi aikin kawo tsohon jirgi garinmu, yanzu babu inda zai kwana

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah a taimaka min da shawara, kaina ya kulle. Ina wani ƙaramin gari a jihar Ohio ta Amurka, muna da ɗan filin jirgi na ƙaramar hukuma, ba na fasinja ba, na masu ƙananan jirage ne da 'yan koyon tuƙi. Akwai reshen EAA a nan, wato ƙungiyar masu son jirage ɗin nan da hedikwatarta ke Oshkosh a Wisconsin. Wani dattijo da nake yi wa gyaran mota ne ya ja ni ciki, yawancinsu tsofaffi ne 'yan fansho, kuma wlh mutanen nan sun riƙe ni da mutunci, duk ranar da suke soya fanke da safe don tara kuɗi kasko daban suke ware min saboda naman alade, ɗaya daga cikinsu ma shi ya fara ɗaga ni sama a jirginsa bai karɓi ko sisi ba, da matata ta haihu har gida suka zo. To a wani taro aka ce an ba reshenmu damar karɓar baƙuncin Ford Tri-Motor, jirgin 1929 mai inji uku, jikinsa kamar kwanon rufi, fasinja tara yake ɗauka kowa da tagarsa, mutane su biya a zaga da su sama kamar minti 15. Aka ce wa zai jagoranta, kowa ya sunkuyar da kai, ni na ɗaga hannu. Yanzu mutumin da ya yi alkawarin ba mu garejin jirgi ya janye, wai ya samu ɗan haya. Faɗin fukafukin jirgin ƙafa 74 ne, sauran garejin da ke filin ƙofarsu ba ta kai ba. Ga ɗakunan otal na matuƙa, ga 'yan sa-kai huɗu kacal nake da su. Kuma na riga na gayyaci 'yan uwa daga Columbus. In janye ko in ci gaba?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Janye. Yau ɗin nan, kar ka kai gobe. Ni na yi shekaru ina aiki da injina, ƙarfe yana gajiya, jirgin da ya kusa shekara ɗari ba abin ɗora 'ya'yan mutane ba ne. Ka manta abin da ya faru a Connecticut a Oktoba 2019? Jirgin B-17 na yaƙin duniya na biyu, irin wannan yawon na biya a zaga da kai, ya faɗi a filin Bradley, mutum 7 suka mutu cikin 13. Kuma ka san ƙasar nan, in abu ya faru sunan da ke kan takarda shi lauya zai nema. Kai baƙo ne.

Maman Ilham: Ni inda ka ce ka gayyaci 'yan Columbus nan hankalina ya tsaya. Ka gaya musu biya ake yi kuwa? Don mutanenmu in ka ce "ku zo" to kyauta suka ji. Bara da muka yi taron Sallah a fak ni na biya kuɗin rumfa da naman gashi daga aljihuna, aka ce za a haɗa min, har yau ana haɗawa. Wata ma da kula ta zo ta kwashe sauran shinkafa ba ta ba da ko dala ɗaya ba, kuma muna haɗuwa a masallaci tana gaishe ni ba kunya.

Baban Walid: Injiniya na gode amma wancan jirgi daban ne, masu shi ma daban. Wannan da matuƙansa da makanikansa yake zuwa, ni ba ruwana da tuƙi ko gyara. Hajiya ban faɗi kuɗin ba tukuna, wajen dala ɗari ne babba, na bari sai sun ga hoton jirgin sun yi sha'awa.

Ɗan Damagaram: Malam ba ka faɗa mana abu mafi muhimmanci ba. Yaushe ne ranar? Ka sa hannu a wata takarda? Da sunanka ko da sunan reshen? Inshorar wa ke rufe mutanen da ke tsaye a ƙasa? Ni ina aikin lodin kaya a babban filin jirgi, abin da ya fi ba ni tsoro ba faɗuwa ba ne, farfela ce. Inji uku suna juyawa, yara suna gudu, mutum huɗu ba za su iya riƙe igiya da rajista da raka fasinja da fakin ɗin motoci ba. Ka je wajen manajan filin, shi ya san garejin kowa, har da na filayen da ke kusa.

Injiniya: Daban ko ba daban ba tsoho tsoho ne. Shi ma wancan da makanikansa yake yawo, kuma bincike ya nuna har da sakacin gyaran inji. 199 kacal Ford ya ƙera daga 1926 zuwa 1933, a ina ake samo kayan gyaransa? Ku yaran yanzu ba ku jin magana. Haka na hana ƙanina sayen tsohuwar tirela, ya ƙi ji, yanzu tana can a yadi yana biyan kuɗin ajiya duk wata, ni kuma nake tura wa gida kuɗin da shi ya kamata ya tura.

Ummu Sadik: Yaya Injiniya ai ba ƙaninka ake magana ba. Baban Walid kar ka janye, abin alfahari ne a ga ɗanmu a gaba. Ka je wajen dilan motocin Ford na garinku, jirgin sunan Ford ne a jikinsa, talla ce ta faɗo musu, su biya otal su kawo motoci su jera. Kuma ka tambayi tsofaffin naku maganar Young Eagles, shirin EAA ne da ake ɗaga yara 'yan shekara 8 zuwa 17 kyauta a ƙananan jirage, ɗana ya hau. In an haɗa rana ɗaya, wanda ba shi da dala ɗari ɗansa ba zai koma da kuka ba.

Ɗan Damagaram: A'a Hajiya, kar ya haɗa. Mutum huɗu gare shi, ki ƙara masa wasu jirage suna shiga suna fita?

Baban Walid: Na je wajen dilan, sun ce in turo imel, na tura shiru. Otal ɗin dai na riga na kama da katina don kar ɗakuna su ƙare, ƙarshen makon akwai wasan ƙwallo a garin. Ba gaggawa na yi ba, in ban kama ba wa zai kama? Mutanen nan sun yi min halacci, ba zan tsaya gabansu in ce na fasa ba.

Maman Ilham: Da katinka?? Innalillahi. Maman Walid ta sani?

Injiniya: Kun gani ko. Abin da nake faɗa kenan tun farko. In ruwa ya sauka kwana biyu jirgin ba zai tashi ba, otal kuwa sai ya ci kuɗinsa. Masu son gani su tafi Port Clinton, nan cikin Ohio ɗinku, akwai gidan tarihin da ke da irinsa. Ko su jira ƙarshen Yuli su je babban bikin jiragen EAA a Oshkosh.

Ɗan Damagaram: Har yanzu ba ka amsa maganar takarda da ranar ba. Kuma ka kira masu jirgin ka gaya musu babu gareji? Wataƙila suna da mafita, ba kai ne na farko ba.

Baban Walid: Ban kira ba, ina so in samu wani garejin tukuna kar su ɗauka ba mu shirya ba su ba wani gari. Akwai wani mai jirgin feshin gona da aka ce nasa babba ne, zan je da tef in auna ƙofar ranar Asabar in sha Allah. Cikin 'yan Columbus akwai wanda zai iya zuwa ya tsaya min a bakin igiya? Za a ba da riga da abinci.

Maman Ilham: Abincin waye zai dafa?