Shin da gaske bindigar Nambu samfurin 94 tana tashi ba a ja kunama ba?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sha jin ana cewa ƙaramar bindigar sojojin Japan mai suna Nambu samfurin 94 ita ce mafi muni a Yaƙin Duniya na Biyu, wai har takan tashi ba tare da an taɓa kunamarta ba. Shin gaskiya ne, ko kuwa ƙarin gishiri ne?

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam, Malam. Maganar tana da tushe. Kijiro Nambu ne ya tsara ta, kuma lambar 94 ta fito ne daga shekarar 2594 ta kalandar masarautar Japan, wato 1934. Aibinta shi ne wani siririn ƙarfe da ke haɗa kunama da abin da ke bugun harsashi, wanda aka bar shi a fili a gefen hagu maimakon a ɓoye shi a ciki, saboda haka idan an ɗana bindigar, makullin da ke hana ta tashi kuma yana buɗe, danna gaban ƙarfen nan kaɗai ya isa ta tashi. A ganina wannan sakaci ne babba ga makamin da matuƙa jiragen sama da sojojin da ke cikin tankokin yaƙi, waɗanda ke aiki a matsattsen wuri, suka yi amfani da shi.

Malamin Tarihi:
Na yarda da kai, amma labarin da ya bazu tsakanin sojojin Amurka, cewa da gangan aka yi ta haka domin hafsa ya harbi abokin gaba yayin da yake miƙa wuya, ba shi da hujja. Ƙarfen ba ya motsawa sai an danna shi sosai, kuma idan an rufe makulli yana tare shi. Abin da ya fi damuna shi ne harsashinta mai faɗin milimita 8, wanda ba shi da ƙarfin a zo a gani, ga shi guda 6 kacal take ɗauka, alhali wata bindigar Nambu, samfurin 14, tana ɗaukar 8.

Hajiya Mai Karatu:
Ya kamata a duba lokacin ƙera kowacce. Waɗanda aka yi kafin yaƙi ya tsananta suna da kyan aiki, amma na 1944 da 1945 an yi su cikin gaggawa da ƙarancin kayan aiki, har mariƙinsu ya koma na katako.