Wai "ɗan masallaci" a madafar Rumawa

Ɗan Aji Uku: Jama'a ku raba ni da wani malaminmu. Na rubuta cewa ibadar Rumawan dā a gida take fiye da manyan haikalai, ya kayar da ni. Alhali ga Fomfei nan, garin da dutse mai aman wuta, Besubiyos, ya binne a shekara ta 79 miladiyya. Gida bayan gida akwai ɗan masallaci a bango, wani a tsakar gida, wani dab da murhu. Lararium suke ce masa. Maigida ya ƙona turare, ya zuba giya, a rataya furanni.

Baban Yara: Subhanallahi! Masallaci fa ka ce, ƙanena? Wurin da ake zuba giya?

Ɗan Aji Uku: Misali ne, Yaya.

Baban Yara: Ka goge. Ɗakin tsafi sunansa.

Uwar Biyu: Ai ba ɗaki ba ne ma. Kafa ce a bango, wani wurin zane ne kawai. Na gidan Vettii da ke Fomfei: samari biyu suna rawa da ƙahon sha a hannu, su ne Lares, allolin tsaron gida, ruhin maigida a tsakiya, ga maciji miƙe a ƙasa.

Bakatsine: Maciji? Ashe 'yan uwan Daurawa ne.

Ɗan Kusugu: Ka iya bakinka. Namu kashe shi aka yi, ba bauta masa ba.

Bakatsine: Bayan ya hana ku ruwa sai Juma'a.

Alaramma: Waɗanne Rumawa ma tukuna? Na Suratur Rum Nasara ne.

Uwar Biyu: Gafarta Malam, na Suratur Rum daga baya suka zo. A 392 sarkin Rum Tiyodosiyos ya haramta kunna wa Lares wuta a gida. Da an daina, me zai sa a yi doka?

Baban Yara: Hajiya, ke kullum bayan 'yan boko kike.

Uwar Biyu: Kai kuma ka biya bashin adashe tukuna.

Ɗan Aji Uku: To maganar makina fa?

Shugaban Zaure: Na rufe. An tabbatar yaro ya yi kuskure da ya ce masallaci, kuma Yaya Baban Yara ya gyara masa cikin hikima. Hajiya ta kawo shekaru, amma ba shi aka tambaya ba. Bakatsine ya ba mu haƙuri mu Daurawa kafin Magariba, ko in cire shi.