Mai binciken USPTO (ofishin haƙƙin mallakar ƙirƙira na Amurka) ya nemi ƙarin bayani, yaya zan yi?

Baban Hauwa: Assalamu alaikum. Na shigar da takardar neman haƙƙin mallakar ƙirƙira a Amurka kan famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana. Yanzu mai binciken ya aiko wasiƙa ƙarƙashin ƙa'ida ta 37 CFR 1.105, yana son sanin takardun da na karanta lokacin ƙera shi, da ranar da na fara nuna shi a bainar jama'a. Wasu takardun sun ɓace. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Injiniya_Kano: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, Malam, ba ƙin amincewa ba ne. Abin da ba ka sani ba, ko ba ya hannunka, rubuta haka ƙarara. Ƙa'idar ta yarda da wannan amsa. Shiru ne matsala: idan wa'adi ya wuce, za a ɗauka ka yi watsi da buƙatarka.

Maman Sadiq: Batun ranar nan ya fi damuna. A Amurka shekara 1 kacal gare ka ka shigar da takardar neman haƙƙin, daga ranar da ka nuna ko ka sayar. Duba rasit da hotunan wayarka, suna ɗauke da kwanan wata. Don Allah kada ka ɓoye komai, ɓoyewa da gangan na iya rushe haƙƙin ko bayan an ba ka. Kuma lauyanka ya duba kafin ka aika.

Baban Hauwa: Na gode, Hajiya. Na samo rasit ɗin wajen baje kolin, wata 7 ne tsakaninsa da ranar da na shigar da takardar.