Ragin kuɗin likita da rabi: ya iso aljihun talaka kuwa?

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan uwa. Ni dai a ganina ragin kashi 50 da gomnatin Nijar ta yi wa kuɗin likita a asibitocinta tun 1 ga Satumba 2024 bai taɓa talaka yadda ake faɗa ba. Kuɗin ganin likita an rage, gaskiya ne, amma abin da ke karya mutum ai ordonas ce, a miƙo maka takarda a ce je farmasi ka sayo, can kuma ba mai rage maka ko dala.

Ƴar Zango: Haba yaya, kar ka ce haka. Haihuwa fa kyauta aka maida ta. Ka san mata nawa ke zaune gida da naƙuda don mai gida ba ya da abin biya, sai abu ya ɓaci a ɗauko ta cikin dare? Ƙanwata ta sauka bara ba a karɓi kuɗin haihuwa ba, ni na kai ta.

Ɗan Birni: Allah raya. To safar hannu da ruwan ƙari fa, wa ya saya?

Ƴar Zango: Mu muka sayi wasu, ban musa ba. Amma da sai mu biya duka biyun.

Majo mai ritaya: Ƴaƴana, dukanku kuna da gaskiya, bari in faɗa muku inda gizo ke saƙar don na yi shekaru da dama ina majo, wato shugaban CSI, ƙaramin asibitin gomnati na unguwa ko ƙauye. Tun tsarin Bamako na 1987 kuɗin da marar lafiya ya biya da shi ake sake sayo magani, a biya mai gadi da mai karɓar kuɗi. Da aka zo 2006 zamanin shugaba Tandja aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, tiyatar haihuwa ma kyauta, wallahi mun yi murna, uwaye suka cika mana fili da yara, da yawa da sun mutu a gida. Sai dai mu duba yaro mu ba da magani mu cika faktir, takardar neman biya, mu aika wa gomnati, kuɗin ya yi wata da watanni bai dawo ba, wani lokaci shekara, kantar magani ta bushe. Uwa ta zo da damina yaro na zazzaɓi ka ce babu, ita kuma ta ɗauka ɓoyewa ka yi. Wannan zargin har yau yana mini ciwo.

Malamar makaranta, Mirya: Baba to ai maganarka ta ƙarfafa ta Ɗan Birni. In an rage rabin kuɗin shiga, wa zai cike wa CSI rabin?

Majo mai ritaya: Gomnati ya kamata, kuma kan lokaci. Ni ban ce a janye ragin ba ƴata, ko kusa. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 na kasafi, mu ba mu kai nan ba, can ya kamata a matsa.

Ɗan Birni: Yauwa Baba. Ni ma ba janyewa nake so ba, so nake in shiga da yaro in fito da maganin a hannu.

Ƴar Zango: To a haka mun daidaita yaya, amma ka daina cewa bai taɓa talaka ba, mu mata ya taɓa mu.

Malamar makaranta, Mirya: Baba, kwamitin kula da CSI na unguwa yana da ikon ganin faktir nawa aka aika da nawa aka biya? In yana da shi, zan je taronsu na gaba in tambaya.