Abin da muka tsinta kan gyaran sautin kwamfuta

Jiya bayan Isha'i muka zauna da wasu masu haɗa sauti a Tudun Wada, hira ta kai mu kan dalilin da ya sa karatu ko waƙa ke fita da ƙura a kwamfuta.

Abin da aka fi nanatawa shi ne fayil ɗin kansa. MP3 mai 128 kbps (ma'aunin yawan bayanan sauti a kowace daƙiƙa) ba ya komawa mai kyau don an juya shi zuwa 320. Abin da aka yanke lokacin matse fayil ɗin ya tafi. A nemi FLAC, wato fayil ɗin sauti da ba a yanke masa komai ba, in da hali.

Sai VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo. Da yawanmu muna tura ƙararsa sama da kashi 100, shi ne muryar ke fashewa. A bar shi a 100, a ƙara a sifika. Wajen daidaita kauri da sirancin sauti kuma, rage wanda ya yi yawa ya fi ɗaga wanda ya yi ƙasa. Na gwada a gida, muryar malami ta fito tas.

Wani dattijo ya ce a kashe ƙarin gyare-gyaren sauti na Windows, a sa saitin ingancin sautin a 44.1 kHz kamar na faifan CD. Masu amfani da manhajar kunna sauti ta foobar2000 sun yaba WASAPI, wata hanyar Windows ta aika sauti zuwa na'urar da ke fitar da shi.

In sifika na gurnani lokacin janareta, a cire cajar laftof a saurara tukuna.