Mahaifina ya miƙa mini walkin kakanmu, ni kuwa ina tsakiyar karatu

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni barci. Kakana ɗan kokowa ne a wani ƙauye kusa da Mirriya, kuma tun kafin a fara gasar Takobi, babbar gasar kokowa ta ƙasar Nijar, a Tawa a 1975 yake zagaya garuruwa bayan an gama girbin gero, makaɗinsa na biye da shi, ya dawo gida da damman hatsi, wani lokaci har da rago. Mahaifina ya gaje shi, ya yi shekaru yana neman shiga cikin 'yan kokowa goma da ke wakiltar jahar Damagaram, Allah bai nufa ba, amma har yau in ya ji ganga sai ka ga jikinsa yana tsuma. Ranar Juma'a ya kira ni ɗakinsa, ya buɗe tsohuwar adaka, ya ɗauko walkin kakanmu wanda fatarsa ta yi baƙi don tsufa, da guraye biyu, ya ajiye a gabana bai ce uffan ba. Ni kuwa ina shekara ta biyu a jami'a, ga kuma maganar kafaɗata. Yaya zan yi?

Tsohon ɗan kokowa daga Birni: Ɗana, babu abin neman shawara a nan, domin kyan ɗa ya gaji ubansa. Kantu na Maraɗi da ya ɗauki takobin farko, da Isaka Isaka na Doso da ya sha ɗaukarsa a zamaninku, babu wanda ya tsaya tambayar jama'a kafin ya shiga fili. Shugaban ƙasa ko firaminista yakan zo kallon 'yan kokowa, ƙasa baki ɗaya tana manne da rediyo. Wace takarda ce za ta ba ka wannan daraja?

Wata uwa daga Magarya: Malam, ka faɗi daraja, ba ka faɗi ciwo ba. Maigidana gwiwa ya goce a wani wasan kaka shekara tara ke nan, waɗanda suke yi masa kirari ko sannu ba su zo yi ba, ni na sayar da awakina muka yi ta zuwa wurin mai ɗori. Ɗana, ka riƙe karatunka. Kuma me ya sami kafaɗar taka?

Mai tambaya: Inna, na gode, amma kafaɗar ba wani abu ba ce, kuma ban ce zan bar karatu ba. Gasar sau ɗaya ake yi a shekara.

Ɗan Garin Malam: Gasar ce sau ɗaya, atisayen kullum ne. Ni abin da ya kore ni shi ne zaɓen 'yan wasa: na kayar da mutum sau biyu a gaban jama'a, aka ɗauke shi aka bar ni saboda yana da uban gida. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Wani malami daga Zango: Ni gurayen ne suka tsaya mini a rai. Ka san abin da aka ɗinke a cikinsu? Ka karɓi walkin don girmama mahaifi, ka bar sauran.

Tsohon ɗan kokowa daga Birni: Malam, ayoyi ne a cikin namu, kuma ba guru ke kayar da mutum ba, ƙugu ne da dabarar ƙafa. Kai kuma na Garin Malam, wanda ya iya kaye ba a ɓoye shi.

Mai tambaya: Ina ganin ba ku fahimce ni ba. Mahaifina bai tilasta mini ba, kuma ni ma ina son kokowar, tun ina yaro nake yin ta a rairayin bayan gidanmu. Ba zan iya mayar masa da walkin ba, ƙannena duka mata ne.

Wata uwa daga Magarya: Har yanzu ba ka gaya mana abin da likita ya ce game da kafaɗar ba.

Tsohon ɗan kokowa daga Birni: Ka same ni a filin kokowa ranar Asabar bayan la'asar, ka zo da walkin, in taɓa kafaɗar da hannuna.